Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimin Kumbotso Kan Yaranmu Da Injina Ke Nakasawa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma, Allah ya ja zamani.

Mu iyaye ne da ma'aikata daga Panshekara, Zawachiki da unguwannin da ke kewaye da kamfanonin Challawa. Mun kawo kuka ne kan 'ya'yanmu da suke fita da sassafe neman halak su dawo ba yatsu, wani ba hannu ɗungurungum.

Ranka ya daɗe, kwanan baya wani yaron maƙwabcinmu, bai kai ashirin ba, yana shif ɗin dare a kan injin niƙa roba, wajen ƙarfe uku robar ta cushe a bakin injin, ita kuma doka a wajen ba a kashe inji sai sufabaiza ya ce a kashe wai kar furodakshan ya faɗi, yaro ya sa hannu zai tura, shi kenan. Injin ba murfi, tun da aka cire don gyara ba a mayar ba. A Adaidaita abokan aikinsa suka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, hannun naɗe da rigar wani. Kamfani ya biya kuɗin aikin farko, bayan sati biyu aka kawo masa 'yan kuɗi a ambulan da wata takarda da Turanci aka ce ya dangwala, wallahi da babban yatsan hagu ya dangwala don na daman babu. Da ya warke ya koma, mai gadi ya ce sunansa ba ya cikin lis, ai shi kazuwal ne, wato ma'aikacin wucin gadi.

To wannan kalma ta kazuwal ita ce ta fi ci mana rai. Mutum ya shekara uku yana awa 12 a tsaye, ba katin shaida ba takardar ɗaukar aiki, ranar da tsautsayi ya faɗa sai a ce ba ma'aikacinmu ba ne, na ɗan kwangila ne. Alhali mun tambayi masu sani sun ce dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da kazuwal da ɗan koyo, kuma kamfani ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati mai biyan ma'aikata diyya, ba a cirewa daga kuɗin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni ya sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya kai wa NSITF rahoto cikin kwana 7, neman diyya kuma cikin shekara ɗaya. Yaranmu ba su san wannan ba, kafin su farga lokaci ya wuce. Dokar masana'antu ta 1987 ma ta wajabta a killace duk wani sashe na inji mai haɗari.

Ba faɗa muke da masu kamfani ba, da su muke ci, akwai ma masu kirki a cikinsu.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, a kira manajoji a zauna a gabanka, kowa ya nuna shaidar ya yi wa ma'aikatansa rajista da NSITF. A rubuta wa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano su turo masu duba masana'antu ba tare da sanarwa ba, har da daddare, don in an san za su zo ranar kowa sai ka gan shi da safar hannu da hular kwano sabbi fil. Sannan dagatai da masu unguwanni su buɗe littafi a riƙa rubuta duk wanda inji ya ji wa ciwo da ranar da abin ya faru, limamai kuma su faɗa ranar Juma'a kar wanda ya sake sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba.

In an ba mu rana za mu zo fada da yaran da kansu.

Allah ya taimaki Hakimi.

Mu ne talakawanka, iyaye da ma'aikatan yankin Challawa.