Zuwa ga ɗan'uwana a Ingila, kan maganar yi wa masu mulki addu'a

Ɗan'uwa, gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ya sanyin Turai, ya madam da yara? Mu nan Zariya sai godiya, kaka ta yi, masara ta yi kyau daidai gwargwado, kuɗin taki ne dai ya cinye ribar tun kafin a kai ga girbi.

Na saurari saƙon muryar da ka turo ta WhatsApp har ƙarshe. Ka ce kai fa ka daina yi wa shugabannin ƙasar nan addu'a, ko fasto ya ce a tashi a yi wa masu mulki addu'a kai bakinka kake kamewa, amin ma ba ka cewa. Fushin kam ban ga laifinka ba, ai mu ne a cikin abin tsundum. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce dubu, ga masu garkuwa da mutane sun hana ƙauyuka da yawa zuwa gona, ga kuɗin makaranta. Amma wajen kame bakin nan, gaskiya ba na tare da kai.

Ka koma Daniyel sura 4 ka karanta a tsanake. Nebukadnezzar fa ba ƙaramin sarki ba ne, shekara 43 ya yi a kan gadon Babila, shi ne ya rushe Urushalima ya ƙone haikali a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, ya kwashe mutane zuwa bauta. Allah ya gargaɗe shi a mafarki, ya ba shi wata goma sha biyu cur ko zai sauko, bai sauko ba. Rannan yana yawo a saman fadarsa yana kallon birnin yana cewa ai da ƙarfinsa ya gina wannan, don darajar kansa, maganar ba ta gama fita bakinsa ba hankalinsa ya gushe, aka kore shi daga cikin mutane yana cin ciyawa da dabbobi, gashi ya yi tsawo, farata sun zama na tsuntsu, har sai da ya ɗaga ido sama ya yarda cewa Maɗaukaki ne ke mulkin 'yan adam, yana kuma ba wanda ya ga dama. Wannan ɓangaren kowa na son sa, mu kan ji daɗi mu ce maganinsa ke nan. Abin da ba mu cika son karantawa ba yana cikin Irmiya 27, inda Allah da kansa ya kira wannan Nebukadnezzar ɗin bawansa. Mutumin da ya ƙone haikali fa! A sura 29 kuma aka ce wa waɗanda ya kwashe su nemi zaman lafiyar Babila, su yi mata addu'a, don lafiyarta ita ce tasu. Ka duba nauyin wannan umarni a kunnen wanda aka kashe masa dangi a gabansa.

Mu ma ai mun gani da idonmu. Muna samari a 1998, jam'iyyu biyar ɗin da ke akwai duka suka tsayar da Abacha shi kaɗai, aka yi gangamin tazarce a Abuja, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ranar 8 ga Yuni aka wayi gari babu shi, kafin gari ya sake wayewa an binne shi a Kano. Ba ni da bakin cewa hukunci ne, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Obasanjo da ke kwance a kurkukun Yola kuwa, shekara ba ta cika ba aka rantsar da shi shugaban ƙasa. Wane ɗan siyasa ne ya tsara wannan? Ga Gowon namu da ya tashi nan Wusasa, ya hau yana ɗan shekara 31, ya yi shekara tara, yana zaune a taron shugabannin Afirka a Kampala a watan Yulin 1975 aka raɗa masa cewa an yi juyin mulki a gida. Bai tada ƙura ba, ya wuce nan Ingilarku ya koma aji ya zama ɗalibi a jami'ar Warwick, daga baya ya dawo ya kafa ƙungiyar yi wa ƙasa addu'a. Mulki dai kayan aro ne, ba ya rufe katara, maƙwabtanmu Musulmi ma kullum abin da suke faɗa ke nan, Allah ke ba da shi ga wanda ya so.

To inda abin ke damuna shi ne mu masu bi mun mai da tawali'un nan aikin sarakuna kawai, su ne za su ƙasƙantar da kai, mu kuwa mu zauna muna ba Allah shawarar wanda zai naɗa. In namu ya ci zaɓe sai a cika majami'a da waƙa, Allah ne ya yi, in na wasu ya ci sai ka ji kamar ranar Allah ya tafi hutu. Kafin zaɓen 2023 annabce-annabce nawa muka gani a Facebook, kowa da sunan da wai aka nuna masa a wahayi, da abin bai faru ba ko mutum ɗaya ban ji ya fito ya nemi gafarar jama'a ba. Ni a ganina wannan ma girman kai ne, sunan Allah kawai aka lulluɓa masa. Yesu yana tsaye a ɗaure gaban Bilatus ya ce masa ba shi da wani iko a kansa in ba daga sama aka ba shi ba, bai zage shi ba, bai kuma roƙe shi ba. Bulus da ya rubuta wa Timoti a yi addu'a domin sarakuna da duk masu iko, a zamanin Nero ya rubuta, sarkin da ya riƙa ƙona Kirista a Roma.

Kada ka ce ina nufin a yi shiru a kan zalunci, ko kusa. Daniyel ɗin nan da ya yi wa sarki hidima shi ne ya dube shi ido da ido ya ce ya bar mugunta ya ji tausayin matalauta ko kwanansa ya yi tsawo. Yahaya Mai Baftisma kansa ya bayar saboda ya gaya wa Hirudus gaskiya. Ka yi magana, ka yi rubutu, mu nan za mu fita da katinmu mu yi zaɓe, amma ka riƙa ambaton shugaban ƙasa da gwamnan jiharmu da sunayensu a gaban Ubangiji, ka roƙa musu tsoron Allah da mashawarta na gari, ko da ranka na tafasa.

Mama tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi har ta koma zumuntar mata. Bikin godiyar kaka na cocinmu sati na sama ne, in kana da niyyar sa hannu a gyaran rufin nan ka sanar da ni kafin Lahadi don in gaya wa dattawa. Ka shafa min kan yara.

Naka ɗan'uwa cikin Almasihu.