Baba ya ce in ajiye Larabcin jami'a

Assalamu alaikum Anti, ina wuni ya aiki. Ni ɗaliba ce aji biyu a sashen Larabci, nan cikin Katsina nike wajen Gobarau, dan Allah kar ki kama sunana don baba bai wuce shirinki.

Shi da kanshi fa ya zaɓar man kwas ɗin, ni aikin jinya na so, ya ce gidan malamai ne, garin Wali Ɗan Marna da Ɗan Masani ba a rasa ɗiya mai Larabci a gidanshi ba, dama Ajurumiya, littafin nahawun Larabci, tun ina firamare na haddace ta a zaure gabanshi. Na shiga kuma wallahi abin ya shiga raina, nahawu da sarfu kamar ruwa, darasin balaga, wato fasahar magana, ne dai ke ɗan jigata ni.

To ran Laraba na bar takarduna bisa tabarma na tafi wanke-wanke, na dawo na iske shi riƙe da su, waƙar Imru'ul Ƙaisi ce ta zamanin jahiliyya wadda ya tsaya kan kufai yana kukan masoyiya, ni kuma har na bi baitocin da jan biro na fassara da Hausa a gefe. Ya cire tabarau ya ce wannan na ke biya ma kuɗin makaranta? Na ce baba adabi ne, malaman tafsiri ma da irin baitocin nan suke kafa hujja kan ma'anar kalma, abin da ya fi ni sani nesa, sai ya ce su ai maza ne, ni in ajiye kwas ɗin. Tun ranar gaisuwata da ka yake amsawa.

Ga kuma aji uku ana tura mu Ƙauyen Larabci, na Ngala jihar Borno wanda aka maido Maiduguri saboda rikici, inna ta ce ko da wasa ba inda za ni. Ni kuwa zuwan nike buƙata, in yi maki i'irabin aya guda, wato in feɗe nahawunta, ba gargada amma kwanaki wata 'yar Sudan ta tambaye ni abu a kasuwa bakina ya mutu, sai murmushi.

Anti in turo mashi kawu ne, ko limamin masallacinmu da yake jin nauyi? Tsorona kar ya ce na kai ƙararshi, ga rajista saura sati uku a rufe.