Sanarwa kan jinyar Baba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Alhamis za a sallami Baba, sai mu tsayar da inda zai yi jinya.

Yaya na so a mai da shi ƙauye wurin Inna. Ni dai ina ganin ya zauna nan Kano tukuna. Mai shanyewar ɓarin jiki, a watanni 3 na farko gashin ƙashi ya fi yi masa amfani, ga Asibitin Malam Aminu Kano kusa. Kuma duk awa 2 sai an juya shi, kada bayansa ya yi gyambo. Inna da ciwon gwiwarta ba za ta iya ba. Mu ɗauko ta nan, mu sami namiji mai kwana da shi, mu raba kuɗin.

Don Allah kowa ya yi magana kafin Laraba. Baba ma za a ji ta bakinsa.