Takardar Koke Kan Kuɗin Ɗakin Haihuwa na Asibitin Mazaɓarmu

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III,
Fadar Sarkin Musulmi, Sakkwato.
Ta hannun Uban Ƙasarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Mai Alfarma. Bayan gaisuwa da biyayya, mu talakawanka na wata mazaɓa a gefen birnin Sakkwato mun kawo kuka a kan ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitinmu.

Ginin yana nan, har fenti an yi masa. Amma ungozomar asibiti ɗaya ce, kuma da la'asar take tashi, alhali naƙuda ba ta san agogo ba. Ranar awo akan miƙa wa mace takardar kayan da za ta zo da su: safar hannu, reza, leda, audugar mata, sabulu, har ruwan da za a ƙara mata. Firjin ajiye allurar tsayar da jini ya daɗe da mutuwa. In wuta ta ɗauke, da tocilan waya ake ɗinki. Wadda jini ya ɓalle mata, ko jijjiga ta kama ta da tsakar dare, sai mijinta ya bi gida-gida yana tada ɗan kabu-kabu ko mai Keke Napep, a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Akwai waɗanda a hanya aka juyo da su. Shi ya sa mata da yawa suka koma haihuwa a ɗaka, kuma ba mu ga laifinsu ba.

Ranka ya daɗe, ba sadaka muke roƙo ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Wani kaso na tafiya kai tsaye asusun asibitocin mazaɓu bayan kowane wata uku, kuma shugaban Kwamitin Ci Gaban Mazaɓa na cikin masu sa hannu kafin a cire shi. To, nawa ya shigo namu? Me aka saya? In mun tambaya, sai a ce maganar tana sama. Kwamitin kansa ba mu san ranar da aka zaɓe shi ba, kuma babu mace ko ɗaya a ciki, a wurin da kusan duk masu zuwa mata ne.

Ba mu ce wani ya ci ba, Allah ya kiyashe mu da zato. Muna son a kafa lissafin a bangon asibiti da Hausa, da boko da ajami, kowa ya karanta. A sake zaɓen kwamitin a gaban Uban Ƙasa da limamai, a sa mata biyu ko uku, har da tsohuwar ungozomar unguwa wadda ta san kowane gida. Sannan muna roƙon fada ta yi mana magana da ƙaramar hukuma da Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta Jiha, a ƙaro ma'aikaciya mai kwana, a gyara sola.

A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. A rediyo muka ji. Muna son a gaya mana asibitocin da ake yin ta a Sakkwato, da takardar da ake nema, don kada magidanci ya sayar da akuyarsa a kan abin da gwamnati ta riga ta biya.

Lokacin da aka ƙi rigakafin shan inna, bakin sarakuna ne ya buɗe ƙofofin gidaje. Muna roƙon Mai Alfarma ya sa a kira shugaban asibitin da 'yan kwamitin, a zauna da wakilanmu kafin kuɗin zango na gaba su shigo.

Allah ya ƙara wa Mai Alfarma lafiya da nasara, amin.

A madadin masu unguwanni, limamai, ungozomomi da ƙungiyar matan mazaɓarmu.