Wasiƙa kan itacen ume da ke tsakar gidanka

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya sanyin Japan? Itacen da ka ce ya yi fure a Fabrairu tun bai fid da ganye ba, shi ne ume. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, danginsu ɗaya da wardi da tuffa. Don ado da ƙamshin furensa ake shuka shi, har lambun Kairakuen na garin Mito a Japan yana da wajen guda 3,000. Amma ni a ganina amfaninsa yana ga 'ya'yan.

Kada ka ci su ɗanye, akwai guba a ɗanyen, musamman cikin ƙwallon. Jira Yuni su yi rawaya, sannan ka yi abin da suke kira umeboshi, wato 'ya'yan ume da aka tsuma a gishiri aka shanya.

Kilo 1 na 'ya'yan, giram 180 zuwa 200 na gishiri. Ka cire ɗan ƙullin da ke gindin kowanne da tsinken sakace, ka wanke, ka goge su tas. Nan mutane ke yin kuskure: ɗigon ruwa ya isa ya jawo fumfuna. Ka jera su a kwalba ko tukunyar tangaram, sahun ume, sahun gishiri, na sama ya fi kauri. Ban da ƙarfe, tsamin yana cin sa. Ka danne da abu mai nauyin kilo 2. Kafin mako ya cika ruwan tsami zai taso ya rufe su, sai ka rage rabin nauyin, in ba haka ba su fashe. Duk wanda ya leƙo saman ruwan shi zai fara lalacewa. Kuma kada tsoron hawan jini ya sa ka rage gishirin, gara ka ci kaɗan.

Ƙarshen Yuli, in damina ta ɗauke, ka shanya su kwana 3 a faifai kana juyawa. Ɗaya ya isa kwanon shinkafa. Tsaminsa ya fi na tsamiya nesa.

Rassan kuma ka datse su da hunturu. Mutanen can suna cewa wawa ne ke datse sakura (itacen ceri mai fure), wawa ne ke ƙin datse ume.

Batun kawo irinsa Kano, haƙura, sai ya sha sanyi sosai yake fure.

A gaida iyali.

Naka,
Bala