Rahoton ayyukan shekara: inda muka kwana a aikin tattara tarihin Kano Pillars

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

A babban taronmu na bara kun ɗora wa kwamiti nauyin buɗe wa kowace kakar wasa ta Sai Masu Gida, wato ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars, fayil nata, tun daga 1990 da aka haɗe ƙungiyoyin WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka samar da Pillars. Ga abin da Allah ya nufa muka yi.

Shekarun lashe gasar ƙasa, wato 2008, 2012, 2013 da 2014, sun kammala, kuma ba su ba mu wahala ba, domin jaridu da gidajen rediyo sun bi su sau da ƙafa. Kakar 2009 ce ta fi cin lokacinmu, kuma ta cancanta. A shekarar ne Pillars ta yi 1-1 da Al Ahly ta Masar a nan Najeriya, ta je Alƙahira ta yi 2-2, ta fitar da mai riƙe da kofin zakarun Afirka saboda yawan ƙwallayen da ta ci a waje, sannan ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta tare ta. Matasanmu da dama labarin kawai suke ji, shi ya sa muka naɗi muryoyin waɗanda suka cika filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a lokacin. Fayil ɗin kakar da ta biyo baya, wadda Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 ya zama sarkin raga, shi ma yana hannu.

An yi ja-in-ja a kwamiti kan shekarun baƙin ciki. Wasu sun ce a taƙaita wasan ƙarshe na kofin Aiteo na 2018 a Asaba, ranar da muna gaba da ci uku Rangers ta farke duka, ta ɗauke kofin a bugun fenareti. Haka suka ce kan faɗawa rukuni na biyu a 2022. Rinjaye ya tafi kan a rubuta komai filla-filla, kuma ina cikin masu wannan ra'ayi. Wanda bai san Asaba ba, ba zai gane hawayen da aka zubar a Kaduna a 2019 ba, lokacin da aka doke Niger Tornadoes aka ɗaga kofin. Mun sa har da wasan 2015 da Nasarawa United ta ci mu 2-1 a Kano, bayan shekara 12 ba a doke mu a gida a gasar ƙasa ba.

Inda aiki ya rage shi ne shekarun 1990. Tarihin wannan zango yana cikin kawunan dattawa da tsofaffin 'yan wasa, wasu kuma Allah ya yi musu rasuwa, Allah ya jiƙansu. A nan za mu zuba ƙarfinmu baɗi, har mu taɓo Raccah Rovers da ta kawo wa Kano kofin gasar ƙasa a 1978.

Don haka muna roƙon duk mai tsohon hoto, tikiti, kaset ko yankin jarida ya kawo. Za mu ɗauki kwafi mu mayar masa da abinsa. Masu bashin kuɗin wata kuma don Allah su ga ma'aji kafin taro mai zuwa, domin da kuɗin ne za a sayi na'urar ɗaukar murya ta biyu.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti