Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Kungiyarmu Ta Masu Hada Tankokin Kwali

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga rahoton bana daga sakatare, wanda kuma shi ke rike da asusu har yanzu tunda ba wanda ya yarda ya karba.

Taron wata-wata an yi su duka, in ban da na watan azumi da muka daga.

Maganar kudin wata kuwa wallahi na gaji da bi. Ko rabinmu ba su biya cikakke ba, wasu tun babbar sallah ban ga sisinsu ba, amma ranar rabon kwali da gam din Top Bond su ne a sahun gaba. Kwalin nan mai giram 200 da muke buga zane a kai ya tashi, tawadar firinta ta tashi, rezar yanka ma haka, gibin da ya fito mutum uku ne suka toshe da aljihunsu kuma sun ce kar a ambaci sunansu. Allah Ya saka musu da alheri.

Masu tambayar ina Tiger I, tankar Jamus din nan da aka yi alkawari, tana nan ba a gama ba, kuma ba sakaci ba ne. Duk wanda ya duba zanen ya san abin da ke ciki. Samfurin farko na 1942 muka dauka, wili 24 ne a kowane gefe suna shiga cikin juna, sarkar kuma guntaye 96 a gefe guda, wato 192 da za a yanka daya bayan daya a ma'aunin 1:25, wato ta gaske ta ninka tamu sau 25. Mutum takwas suka daga hannu, biyu suka rage. Da damina ta shigo kwalin ya sha danshi ya yi laushi, bangon gefe ya lankwashe sai da aka sake bugawa, sannan kudin ya kare. Jiki da kan da ke juyawa da bindigarta mai milimita 88 duk sun hadu, sarkar ce ta rage. Haka Ezugwu, motar sulken da DICON, hukumar kera makamai ta Kaduna, ta fito da ita a 2019, ba mu da zanenta na kwali, sai an zana daga hotuna, wanda ya iya aikin a kwamfuta kuma ya tafi bautar kasa.

To amma baje kolin da muka yi a makarantar sakandaren unguwarmu a makon 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, wannan kam Alhamdulillah! Tun kafin mu gama jera tebura dalibai sun cika dakin. T-34 ta Rasha ce ta fi jan yara, da aka ce musu ta gaske ta kai kusan mita 6 amma ga ta nan santimita 24 sai suka dauko rula suna lissafi da kansu, malamin lissafi ya ce darasin da ya dade yana fama da shi ne ya shiga a ranar. Muka nuna musu yadda aka karkata sulkenta na gaba don harsashi ya goce. An jera Sherman ta Amurka, da Panhard AML-90 ta Faransa mai taya hudu, da Ferret da Saladin irin wadanda aka yi amfani da su a yakin basasa na 1967 zuwa 1970. Sai ga wani dattijo tsohon soja da ya yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya, ya tsaya gaban tankarmu ta Scorpion ya dade, ya nuna wa yara inda direba ke zama da inda sauran sojoji biyun da ke cikinta suke, ya kuma yaba yadda aka fitar da bindigar mai milimita 76. Baba ya sa mana albarka sosai. Wasu iyaye sai da suka taba da hannu kafin su yarda kwali ne da gam. A karshe yara kusan aji guda suka zauna muka koya musu nada taya da yanka a kan layi, har da 'yan mata, kuma hannunsu ya fi na wasunmu tsafta. Shugaban makaranta ya ce mu dawo badi.

Abin da ya bata min rai shi ne wadanda suka dauki kaya suka share daki suka tsaya har la'asar, su ne dai masu biyan kudin. Sauran sai da hotuna suka hau WhatsApp sannan muka ga "mun yi kokari". Haba 'yan uwa. Wanda aiki ko karatu ya rike shi ya fada, ba laifi ba ne, amma a daina karbar kwali ana ajiyewa a gida.

Tafiyar gidan tarihin yaki na Umuahia don auna motocin sulken da aka kera a bangaren Biyafara an dakatar da ita sai asusu ya farfado. Sababbin shiga za su fara da AML-90 don ba ta da sarka. Mai bashi ya biya kafin taron wata mai zuwa, a nan za a raba guntayen sarkar Tiger kowa ya dauki 20, a nan kuma za a zabi sabon ma'aji.

Wassalam,
Sakatare